Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Tun da gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da rabi a watan Satumbar 2024, duk majalisar da ka zauna a Difa maganar ɗaya ce: yanzu kam wanda ya ji ciwo sai ya tafi asibiti. To, wannan "sai ka ji ciwo" ɗin ita ke kai mana mutane kushewa.

Ciwon dajin hanji ba ya sallama. Ɗan tsiro ne ke fitowa a cikin babban hanji, ya yi wajen shekara goma yana girma, ba zafi ba zazzaɓi. In likita ya zura na'urar leƙa hanji ya gan shi da wuri, nan take zai cire shi. Wanda uwarsa, ubansa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, haɗarinsa ya kai ninkin na sauran jama'a. Shi ya sa likitoci ke cewa irin wannan mutum ya fara gwaji da shekara 40, ko saura shekara goma ya kai shekarun da aka gano ta a jikin ɗan'uwan.

Baffana na Fulatari ya yi shekara biyu yana ganin jini in ya zaga. Kowa ya ce basir ne. Ya sha jiƙo, ya sha sassaƙe, ya rame har zoben azurfarsa na zamewa daga yatsa in yana alwala. Sai da aka sayar da shanu biyu aka kai shi Yamai, likita ya ce an makara. Babban ɗansa yau ya haura arba'in, kuma har gobe ba wanda ya kira shi ya ce: "Zo a duba ka, mahaifinka da wannan ya tafi."

Masu maganin basir ɗin nan kuwa, da lasifikarsu a kan mota ranar kasuwa, su ne suka fi ci mini rai. Kwalba ɗaya, wai ta basir, ta sanyi, ta ciwon baya, ta ƙarfin maza. Mutum na zubar da jini, su suna ƙirga jikkoki. Wa ya ba su izini? Wa ya taɓa buɗe kwalbar ya ga abin da ke ciki? Suna ihu da batsa gaban yara da surukai, hukuma na wucewa ta gefensu.

Wasu za su ce ina tsorata jama'a, ko su ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Makiyayin da ya ƙi yi wa garkensa allurar rigakafi don ya yarda da ajali, a nuna mini shi. Masu cewa ciwon Turawa ne kuma, su je Fulatari su tambayi iyalan baffana.

Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, can aka fara gashin ciwon da na'ura a 2021. Daga Difa kilomita fiye da 1,300 ne. Man Agadem, na jiharmu, ya san hanyar matatar Damagaram tun 2011, yanzu har bututu aka shimfiɗa masa zuwa gaɓar teku a Benin. Manomin tattasai na bakin Komadugu da makiyayin Maine Sorowa kuwa, sai su kwana biyu a mota, da ciwo a ciki, kafin su isa inda ake gashin.