Digirin PhD Ba Na Masu Furfura Ba Ne Kaɗai

Hutun da ya wuce na je gida Kademi, na tarar da wani abokina zaune a rumfar POS. Ilimin sinadarai ya karanta, kuma ya fito da sakamako mai kyau. Na ce masa, "Aboki, me ya hana ka ci gaba har PhD?" Sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai! Ai wannan na malaman jami'a ne da 'ya'yan masu kuɗi."

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai, domin haka yawancinmu muka ɗauka. Mun mayar da PhD wata rawani da ake naɗawa bayan furfura ta fito, don a riƙa kiran mutum Dokta. Alhali a fannin kimiyya da injiniyanci aiki ne na ɗakin gwaje-gwaje, kuma matashi mai jini a jika ake nema.

Ni aikin jarida nake karanta, amma ɗan manomi ne, na san ɓarnar da tsutsa ke yi wa wake. A 2019 aka amince da irin waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar da ke huda kwanso, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ishiyaku. Daga ɗakin gwaji wannan iri ya fito. Ƙuduji fa, da ke cinye mana gero da dawa a Gaya da Ajingi? Wa muke jira ya zo ya yi mana bincikensa?

Kuma ƙofofin suna kusa. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, nan bayan gida. A BUK akwai Cibiyar Noman Yankunan Ƙarancin Ruwa, CDA, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa, tana ɗaukar ɗaliban digiri na biyu da na uku. A Zariya akwai cibiyar CERT mai na'urar binciken nukiliya tun 2004. Hukumar PTDF na ba da tallafin karatu a fannonin mai da makamashi. A Jamus da Holan kuwa, gurbin PhD da yawa aiki ne mai albashi, haka jami'ar KAUST ta Saudiyya tana ɗaukar nauyin ɗalibanta.

Ban ce abin mai sauƙi ba ne. Akwai matsalar wuta da ƙarancin kayan aiki, kuma gasa ta yi zafi. Amma wanda bai nema ba, ai bai ma shiga layi ba.

To, 'yan uwana, datar da muke ƙonawa a TikTok ta isa mu duba shafukan waɗannan cibiyoyi. Idan kana aji uku ko huɗu, ka riƙe aikin bincikenka na ƙarshe da gaske, kada ka saya. Ka kusanci masu kula da ɗakin gwaji ka koyi sarrafa na'urori, ka gyara Turancinka, ka koyi rubuta wa farfesa wasiƙa. 'Yan uwa mata, har da ku. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

Abokina dai na tura masa adireshin CDA. Saura kai da ke karanta wannan a waya.