Karɓi Takardar Tara, Ka Biya Ko Ka Je Gaban Alƙali

 Kowa ya sani motocinmu ba sa hutawa. Yau Zumuntar Mata za su taro, gobe matasa za su kai ziyara, jibi kuma biki ne ko jana'iza a wani gari. Da wuya mota ta tashi daga Kano zuwa Kaduna, ko daga Zariya zuwa Jos, ba ta gamu da jami'an hanya ba. Saboda haka muka ga ya dace mu yi magana a kan abin da direba zai yi in an tsayar da shi aka ce ya karya doka.

Ra'ayinmu a fili yake. In an ce ka yi laifi, ka nemi a rubuta maka takarda. Takardar nan tana buɗe maka hanyoyi biyu na halal: ka biya tara a asusun gwamnati ka karɓi rasit, ko kuwa ka je gaban alƙali ka kāre kanka. Hanya ta uku, wato miƙa na goro ta tagar mota, ita ce muke roƙon a rufe ta a cikinmu.

Da farko sai mutum ya san wanda ya tsayar da shi, gama hukumomin hanya ba ɗaya ba ne. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na fari, dokar 2007 kuma ta sāke tsara aikinta. Akwai na jihohi, kamar KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna. Akwai jami'an duba lafiyar motoci da ake kira VIO, ga kuma 'yan sanda. Kowace hukuma da irin takardarta, da ofishinta, da inda ake biya mata kuɗi. Mutum yakan ɓata yini guda yana neman lasisinsa a ofishin da ba su ne suka karɓe shi ba, don kawai bai duba sunan hukumar da ke saman takardar ba.

Kafin ka bar wurin, karanta abin da aka rubuta. Duba lambar takardar, da kwanan wata, da wurin da abin ya faru, da laifin da aka sa maka, da lambar motarka, da ofishin da za ka je. In an riƙe lasisi ko takardun mota, ka tabbata an nuna haka a rubuce. Sa'an nan ka ɗauki hoton takardar da waya ka aika wa magatakardan ikilisiya ko wani na gida. Lambar da ke jikinta ita ce mabuɗin neman bayaninka a ofis. In takardar ta ɓace, kada ka zauna kana jira maganar ta mutu da kanta. Je ofishin hukumar da ke kula da yankin da aka tsayar da kai, ka ba su lambar mota, da lambar lasisi, da ranar da abin ya faru, domin su duba a rajistarsu. In kuwa kotu ce ta yanke tarar, bayanin yana wurin magatakardan kotun.

Wanda ya san ya yi laifi, ya biya. Tun 2015, da gwamnatin tarayya ta tilasta wa hukumominta zuba kuɗi a asusun bai-ɗaya, tarar FRSC tana bi ta tsarin Remita ne. Ana fitar wa mai biya lamba ta musamman mai alƙaluma 12, wadda ake kira RRR, ya biya da ita a banki ko ta waya. Da wannan lambar ce kuma za a iya sāke fitar da rasit in na farko ya salwanta, saboda haka a rubuta ta a wuri mai kyau. Tarar hukumomin jiha kuwa asusun jihar take shiga. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗin a hannu, ko ka tura a asusu mai sunan wani mutum, ba tara yake karɓa ba. Bayan biya sai ka kai shaidar ofis cikin wa'adin da aka ba ka. A ofisoshin FRSC akan zaunar da masu laifi a yi musu ɗan jawabi a kan tuƙi kafin a mayar musu da takardunsu. Kada a yi jinkiri in an tsare mota, gama bayan awa 24 akwai kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kowace rana.

Yana da kyau mu san nawa ne tarar, domin rashin sani ne yake sa a razana mutum. A jadawalin da FRSC ta yi shekaru tana aiki da shi, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, amsa waya ana tuƙi 4,000, gudu fiye da ƙa'ida 3,000, suɗaɗɗiyar taya 3,000, rashin tukunyar kashe gobara 3,000, lodi fiye da kima 10,000, tuƙi ba lasisi 10,000, tuƙin ganganci kuma 50,000. Doka tana iya sauya adadi, don haka a dogara ga abin da ke rubuce a takardar da aka ba ka. Amma ku lura da wani abu a jadawalin nan: yunƙurin ba jami'i cin hanci shi ma laifi ne, tararsa naira 10,000. Ashe wanda ya nemi ya kauce wa tarar bel ta hanyar miƙa na goro ya jefa kansa cikin laifin da ya ninka na farko sau biyar.

Wanda kuma ya tabbata bai yi laifi ba, ba dole ne ya biya ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin a saurare shi a gaban kotu, ya kuma ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Takardar jami'i zargi ce, alƙali ne mai yanke hukunci. Wani lokaci akan kafa kotun tafi-da-gidanka a bakin hanya, da majistare a zaune, ka faɗi naka a nan take. In babu ita, ka je ofis ka shaida wa shugaban wurin cewa ba ka amince da laifin ba, kana so a kai maganar kotu. Ka tafi da hujja: hoton taya, ko na wurin da aka tsayar da kai, da takardun mota, da fasinja ɗaya ko biyu da suka ga abin da ya faru. Ka yanke shawara tun kafin ka biya, gama wanda ya riga ya biya zai sha wuya ya dawo ya ce bai yi ba. Ka kuma sani, in kotu ta same ka da laifi, hukuncinta yana iya fin tarar nauyi. Kotu wurin mai gaskiya ce, kada mai taurin kai ya ɗauke ta mafaka.

Kada wani ya ce talaka ba ya cin nasara a kan hukuma. A watan Oktoba na 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na birnin ba su da ikon ƙwace motoci ko cin mutane tara. Mutum guda ne ya shigar da wannan ƙara. Amma ku lura, a gaban alƙali ya yi gardamarsa, bai tsaya cacar baki a kan titi ba. Zagin jami'i ko ture shi wani laifi ne dabam da zai lalata maganarka ko da kana da gaskiya.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Mota cike da mata da yara, rana tana faɗuwa, hanyar ba ta da tsaro da dare, wa zai tsaya jiran takarda alhali naira dubu ɗaya za ta sallame shi? Wannan damuwa gaskiya ce, ba mu raina ta ba. Sai dai mu tambayi kanmu, bayan an miƙa dubun, tayar ta sāke sabuwa ne? Mutum 24 da aka cusa a motar mutum 18 sun ragu ne? Kuɗin ya kawar da jami'i daga gabanka, haɗarin kuwa yana nan cikin motar tare da iyayenmu mata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin muna miƙawa, masu karɓa ba za su daina tare mu ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu musamman. A garuruwa da yawa mu 'yan kaɗan ne, yawancinmu ba mu da wani babba da za mu kira a waya ya sa baki. Mai irin wannan hali ba shi da mashaidin da ya fi takarda. Rasit ba ya tambayar sunanka ko garinku. In an sāke tare ka gobe a kan laifin da ka riga ka biya, shi ne zai yi magana dominka. Wanda ya ba da na goro kuwa, da me zai kāre kansa?

Saboda haka muna ba majalisun dattawa shawara. Kowace motar ikilisiya ta kasance da jakar takardu, a ajiye kwafinsu a ofis, a kuma sa mutum guda ya riƙa duba ranar da lasisi da inshora za su ƙare. A tuna cewa inshorar dole ta ƙananan motocin gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, 'yan sanda kuma suka tsananta bincikenta daga Fabrairun 2025. Wadda ake sayarwa da arha a bakin ofisoshi abar tuhuma ce. Ma'aji kada ya mayar wa kowa “kuɗin hanya” da ba shi da rasit. A kuma yanke tun da wuri wa zai biya tara: in laifin na mota ne, kamar taya ko takardu, nauyin ikilisiya ne, in na tuƙi ne, kamar gudu ko waya, na direba ne. Masu shirya tafiya su ƙidaya kujeru kafin su ƙidaya masu zuwa, a tashi da sassafe, domin kada tsoron dare ya tilasta wa direba abin da bai kamata ba.

'Yan'uwanmu da ke sanye da kakin waɗannan hukumomi, ku ma muna roƙonku. Ku rubuta takarda yadda za ta karantu, ku nuna wa mutum inda zai biya da inda zai kai ƙara, ku kuma ƙi abin da aka miƙo muku a dunƙule.

Muna roƙon dattawa su karanta wa direbobi wannan magana kafin tafiya ta gaba. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.