Tashin jariri da dare ba ciwo ba ne

Jama'a, mu daina ɗura wa jarirai Piriton don su yi barci! A nan Ƙofar Ruwa, da yaro ya farka sau uku cikin dare sai a ce wa mai jego nononta bai isa ba, a ruga kemis. Haba! Cikin jariri ƙarami ne, nono kuma saurin narkewa gare shi. Wanda ke kwana jikin uwarsa dole ya lalubi mama, tsotson daren ma ƙara ruwan nono yake. Amma wanda magani ya bugar a gadon manya, bargo na iya toshe masa numfashi bai motsa ba. Maigida, in kukan ya dame ka, karɓe shi ta ɗan runtsa. Allah Ya raya mana su.