ZANCEN GIDA: Shimfiɗar kare

A ƙarshen daminar bara mun kai ziyara wani gida a bayan garin Dutse, can gindin duwatsu. Muka tarar da uwargida tana shafa wa ɗanta mai rarrafe mai a ƙafafu, duk sun yi ƙuraje ja saboda susa. Ta ce sauro ne. Maigida kuwa ya ce ba ruwan karensu, gama ko jiya ma ya yi masa wanka da sabulu. Da muka ɗaga tsohon buhun da karen yake kwana a kai, gefen murhu, muka karkaɗe shi a kan farar leda, sai ga baƙin gari kamar dakakken masoro. Muka ɗiga masa ruwa, ya koma ja. Kashin ƙuma ke nan, watau jinin kare da ƙuma ya sha.

Ya ku masu karatu, da yawa cikinmu muna kiwon kare domin gadi, wasu kuma domin farauta. Muna ba shi ƙanzo, muna yi masa wanka in mun tuna. Amma wa ya taɓa wanke masa shimfiɗa? Buhu ne ko tsumman zane ko yagaggiyar tabarma, an jefa masa tun yana kwikwiyo, shi ke nan.

Ga abin da ya kamata mu gane. Ƙuman da muke gani a jikin kare kaɗan ne daga cikin waɗanda suke gidan. Ta-macen takan saka ƙwai har 40 ko 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi, yakan zube ne a inda kare ya kwanta. Can zai ƙyanƙyashe ya zama 'yar tsutsa, ta ci wannan baƙin garin, ta naɗe kanta cikin 'yar saƙa, bayan mako 2 ko 3 sabon ƙuma ya fito yana neman jini. Idan bai sami kare kusa ba, ƙafar yaro ma ta ishe shi. Tsutsar tana son laima da inuwa, shi ya sa abin ya fi tsanani daga Yuli zuwa Satumba. Saboda haka wanda ya wanke kare ya bar shimfiɗa, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Da ƙaiƙayi ne kaɗai da da sauƙi. Akwai wata irin tsila da take shiga cikin kare idan ya haɗiye ƙuma wajen cizon jikinsa. Yaro ma yana iya kamuwa ta wannan hanya, gama mai rarrafe ba abin da ba ya kai wa baki. In kun ga wasu 'yan farare kamar ƙwayar shinkafa a kan buhun, gaɓoɓin tsilar ne, sai a kai karen wurin malamin dabbobi a ba shi magani. Kaska kuma, raɓi mai jini, idan ta ƙoshi takan sauka ta shige tsagar bango ta saka ƙwai dubbai.

To, yaya za a yi? Ba aiki ne mai tsada ba, mun kuwa san a wasu unguwanni ruwa sai an saya a hannun mai kura. Bokiti biyu sun isa. Sau ɗaya a mako, a ɗauki shimfiɗar a fita da ita bayan gida a karkaɗe, nesa da madafa da wurin wasan yara. A tafasa ruwa a zuba a kanta cikin tsohon baho, a sa garin sabulu, a bar ta ta jiƙa har ruwan ya huce yadda hannu zai iya shiga. Zafin ruwan ne yake kashe ƙwai da tsutsa, ruwan sanyi ba ya yin wannan aiki sosai. Sa'an nan a cuɗa, a ɗauraye, a matse.

Wajen shanya mu mutanen Dutse mun yi sa'a. Falalen dutse da tsakar rana, musamman a bazara, ya fi kowace igiya. A baza a kai, a juya sau ɗaya, kada a ɗauke sai ya bushe ƙarau. Kafin a mayar, a share makwancin sosai har cikin lungu, a kwashe sharar a ƙone, a liƙe tsagar bango da laka. Buhun da ya riga ya ruɓe kuwa ba a wahala da shi, wuta ce maganinsa.

Bahon nan ya zama na kare shi kaɗai. Kada a wanke kwano ko kayan jariri a ciki. Kada kuma a yi wankin a bakin rijiya ko famfon unguwa. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, suna kaffa-kaffa da yawun kare a kan abin da suke ci da sha da alwala da shi, ba daidai ba ne mu sa musu shakka a ruwan da muke ɗiba tare. Wannan aiki kuma na babba ne, ba na aiken yara ba, wanda ya yi shi ya wanke hannu da sabulu har gwiwa.

Abu ɗaya muke roƙo da babbar murya. Kada a yayyafa wa shimfiɗar ota-piya-piya ko maganin feshin gona ko kananzir. Kare zai lashe, yaro zai taɓa ya kai hannu baki, guba ce mai kisa. Idan ƙuma ya ƙi ƙarewa bayan wata guda ana wanki, malamin dabbobi yana da maganin da aka yi musamman domin kare. In an je, a tambayi allurar haukan kare gaba ɗaya, gama ita wanki ba ya maye gurbinta.

Mun sake bi ta gidan nan wajen Kirsimati. An matsar da makwancin karen zuwa gindin rumbu, buhu biyu ne yanzu, ɗaya a ƙasa, ɗaya yana shan rana a kan dutse. Yaron ya fara tafiya, ƙafafunsa sun warke sai ɗan tabo.