A bar wa ɓarawo kujerarsa a teburin atisaye

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wani wasa a Amurka mai suna Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar kan kewaye tebur, kowa ya zaɓi rawar da zai taka: mayaƙi, ko matsafi, ko malami mai warkarwa. Jagora guda ke jan labari yana jefo musu masifu, su kuma su haɗa kai su nemi mafita. A 1975 aka ƙara rawar ɓarawo, kuma har gobe ba a daina rigima a kanta ba.

An ƙirƙiri ɓarawon ne don ya buɗe wa ayari makulli, ya gano tarko kafin a taka. Sai dai akan sami wanda zai zaɓe shi don ya yashe jakar abokan tafiya, in an yi magana ya ce ai halin rawarsa ke nan. Wasu jagororin kan soke rawar baki ɗaya, wanda a ganina lalaci ne. Ƙwararru kan yi zama na musamman kafin a soma wasa, su tambayi mai son ɓarawo: me ya haɗa ka da ayarin nan, me za su ƙaru da shi daga gare ka? In ya karya alkawari, a gefe ake jan sa a yi masa magana, ba a hukunta shi cikin labari.

Mu ma ba baƙin irin wannan ba ne. A wasan kalankuwa samarin ƙauye kan naɗa nasu gwamna da alƙali da ’yan sanda bayan kaka, kowa ya san iyakar rawarsa. Kuma ma’aikacin tarayya ya san ɗan’uwan wasan a wurin aiki: atisayen kan tebur, inda jami’an hukumomi irin su NEMA ke zama a raba musu rawa, a ce ga bala’i ya auku, kowa ya faɗi matakin da zai ɗauka.

Maiduguri ta nuna abin da ke cikin wannan zama. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami’ar Maiduguri. Katangar gidan yari ta rushe, fursunoni fiye da 270 suka tsere, namun dajin gidan zu na Sanda Kyarimi suka fita gari. Duk atisayen da bai tanadi irin wannan rikicewa ba, taron shan shayi ne.

Mai ɓata teburinmu ba ya zaɓar ɓarawo, gwamna yake zaɓa. Babban darakta ne da ke ganin kujerar ta dace da matakinsa, da an kawo masa labarin ruwa sai ya ce ya ba da umarni an kwashe kowa, wasa ya ƙare cikin minti goma. Ko hadimin da ya ɗauki rawar maigidansa, ya ƙi karɓar mummunan rahoto ko da na wasa ne, don kada a ce. Wa zai ja darakta gefe? Shi ya sa raba rawa ya kamata ya zama haƙƙin jagora tun kafin a zauna, a rubuce, da sa hannun shugaban hukuma.

Masu kawo cikas na gaske kuwa a ba su kujera da gangan: mai yaɗa jita-jita a WhatsApp, jami’in da wayarsa ke kashe da ƙarfe biyun dare, da ɓarawon kansa, domin tsoronsa na cikin abin da ke hana magidanci barin gidansa ko da ruwa ya kai ƙugu. Kowannensu a faɗa masa gibin da ake so ya tona, da lokacin da zai dakata.

A atisaye na gaba a gwada ɗora jami’i mai mataki na 8 a kujerar gwamna, darakta kuma a ba shi rawar mai Keke Napep a Gwange, da ’ya’ya shida da tsohuwar da ba ta iya tafiya.