RA'AYINMU: Direban da ya kwana cikin motarsa ba ɗan zaman banza ba ne

Duk wanda ya ratsa Gure bayan sallar isha ya san yadda bakin hanya yake cika da manyan motoci, wasu sun taso daga Damagaram za su Diffa, wasu sun ɗauko tattasai da bandar kifi za su yamma. Direba yana kwance a gaban mota, yaran mota sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Ba son ransu ba ne. Hanyar ƙasa mai lamba ɗaya doguwa ce, rairayi yana cin gefenta, kuma tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a watan Fabrairun 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa, mai hankali ya daina tafiyar dare zuwa gabas. Ga shi kuma babu ɗan kasuwar da zai yarda a bar dukiyarsa ba mai gadi.

To, shin wannan kwana laifi ne? Ƙa'idar shari'a a bayyane take: ba a hukunta mutum sai da doka rubutacciya wadda ta riga aikin. Saboda haka jami'in da ya ƙwanƙwasa ƙofar mota da tsakar dare ya ce a biya tara, wajibi ne ya faɗi ayar da aka taka, ya kuma ba da takardar shaidar biya. In babu ɗaya daga cikin biyun nan, abin da ya karɓa ba na baitulmali ba ne.

Wasu kan fake da laifin zaman banza, wanda kundin hukunce-hukuncenmu na 1961 ya gada daga dokar Faransa ta 1810. Amma wancan laifi ya shafi wanda ba shi da mazauni, ba shi da abin kai wa baki, ba shi da sana'a. Direba mai lasisi da takardun kaya da ubangida ya kuɓuta daga duka ukun. Ita kanta Faransa ta soke laifin a 1994, kuma a watan Disamban 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta bayyana cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar Afirka.

Direbobi ma suna da nasu. Wanda ya tsayar da tirela a kan kwalta, ba fitila ba alama sai ƴan rassan itace, ya kafa wa bayin Allah tarko, kuma wannan laifi ne da dokar hanya ta sani. Motar man fetur kuwa ba ta da hurumin kwana kusa da murhun mai shayi.

Hukumar garin Gure ce ke da ikon tsara wurin tsayuwa. Muna kira gare ta da ta keɓe fili a wajen gari, da ruwa da makewayi da fitila da mai gadi, ta ware wa motocin mai nasu gefe, ta rubuta kuɗin kwana a allo da Hausa da Barbarci da Faransanci, ta yi hakan tare da ƙungiyar direbobi da ta ƴan kasuwa, kafin kakar tattasai mai zuwa.