Raddi Ga Masu Cin Kasuwa Da Ciwon Daji

Ya 'yan uwana, ina ganin ya wajaba in yi raddi ga masu yawo da lasifika daga Dundaye har cikin Sakkwato, suna rantsuwa cewa garin maganinsu na warkar da kowane daji. Wallahi wannan cin dukiyar bayin Allah ne da ƙarya!

A shekarar 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da selpercatinib, maganin da ake haɗiya domin dajin huhu da ya yaɗu, da na ƙululun wuya inda maƙoƙo ke fitowa. Ba a ba da shi sai gwaji ya nuna sauyi a ƙwayar halitta mai suna RET, kuma a dajin huhu bai wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 ke da wannan sauyi ba. To, wane gwaji mai lasifika ya yi?

Ku kai majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun da wuri, domin neman magani ba ya kore tawakkali. Mawadata kuwa, gwaji da magani suna da tsada: ga inda zakkarku za ta yi amfani. Allah Ya sa mu gane. Wassalam.